Mushe Jika da Sunan da Ya Aika Yamai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma parfe, shugaban gundumar Buza, mai martaba sarki da 'yan majalisarsa, mai girma magajin gari, shugabannin ilimi da na wasanni da sunka taso tun daga Tawa, limamai da malamanmu, daraktocin makarantun Madawa da Keita da na nan gida. Hajiya Dije, uwargidan marigayi. 'Ya'yansa Ridwan da Balkisu da Rufaida. Dangi na Deule da na Tama. Tsofaffin ɗalibai maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau kwana arba'in ke nan da munka kai Mushe Jika Maiguwa makwancinsa. An yi addu'a da safe, an raba sadaka, sannan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce ba za a watse ba sai an taru a wannan filin ƙwallo an faɗi wani abu a kansa. Sunka ce ni zan faɗa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Sulaiman, malamin lissafi ne ni kafin in ajiye aiki. Na ce masu akwai waɗanda sunka fi ni iya magana. Sunka ce ba mai iya magana ake nema ba, wanda ya fi kowa daɗewa a bayan motonsa ake nema. To, a nan kam ba ni da abokin takara. Shekara ashirin da shida ina goye a bayan tsohon moton nan, babur ɗinsa mai ƙafa biyu, shi yana tuƙi, kuma har yau ƙuguna bai manta ba.

Mu nan ba mu ce masa Malam, ba mu ce masa Alhaji ko bayan da ya sauke farali. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakkwal, wato makarantar boko. Amma in an ce Mushe kurum, ba a haɗa da suna ba, daga Sabon Gida har duwatsun Keita an san wanda ake nufi.

Ya kasance ɗan Deule, ɗan manomi mai 'yan awaki, wanda ya zama malamin wasanni a zamanin da iyaye da yawa ke ganin awar wasanni ɓata takalmi ce kawai. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan aiki: Keita, Madawa, sannan nan Buza. Ya kasance mutumin da ya tarar da wannan fili cike da tsakuwa da ƙaya, ya ɗauki rani biyu shi da ɗalibai suna tsince duwatsu da hannu. Akwai alhazai zaune a nan gaba waɗanda sunka ɗauki kwandon duwatsun nan a kai, ina ganinsu suna murmushi. Ya kasance wanda ya kafa gasar makarantu tsakanin Madawa da Buza da Keita, wadda har yau ake bugawa. Ya kasance wanda ya bi gida gida yana roƙon iyaye su bar 'yan mata su buga ƙwallon hannu, ya sha zama a zaure har ƙafarsa ta yi sanyi kafin a ce masa an yarda.

Kuma, tun da gaskiya munka taru mu faɗa, ya kasance mutumin da shi kansa bai iya ƙwallo ba. Na gan shi yana bugawa ranar wasan malamai. Allah Ya jiƙansa, ido Allah Ya ba shi, ba ƙafa ba.

Wannan idon ne nake so in ba ku labarinsa. Da yawa daga cikinku kun san rabin labarin, kun ji shi a tasha ko a majalisar shayi. Ni na ga dukkansa, kuma Ridwan da mahaifiyarsa sun ba ni izni in faɗa.

Shekara goma sha biyu da ta wuce, sanyi na ƙarewa, takarda ta zo wa Mushe daga wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta Yamai, cikin masu buga gasar ƙasa. Za su ɗauki sabbin matasa kafin a buɗe wasannin shekara, kowane yanki yaro guda. Daga Madawa da Buza da Keita, sunka ce Mushe Jika ya ba su suna ɗaya, ya haɗa da rahoto a rubuce: ƙarfin yaron, rauninsa, da halinsa. Wanda anka ɗauka za a ba shi masauki, a horar da shi, in ya yi kyau ya sa hannu a kontira, ƙwallo ya zama sana'arsa. Ba a taɓa buɗe mana irin wannan ƙofa ba, kuma ba mu san ko za a sake ba.

Kowa a garin nan ya san sunan da za a aika. Ridwan, ɗan Mushe na fari, yana ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, shi ne ɗan gabanmu. A gasar wannan shekara ya zura ƙwallo goma sha huɗu. Dogo ne, ga gudu, in ya ɗirka ƙwallo mai tsaron raga sai dai ya ji iska. Yara na rubuta lamba tara da gawayi a bayan rigunansu saboda shi. Har masu tallar fura a kasuwa sun san sunansa.

Na je na yi wa Mushe barka. Ya dube ni ya ce, "Sule, ba su ce in aika wanda ya fi cin ƙwallo ba. Sun ce in aika wanda za ya iya zama ɗan ƙwallo. Ka shirya, za mu yi yawo."

Mako shida munka yi muna yawo. Duk Laraba da yamma da duk Asabar, ni a baya riƙe da kaye, wato littafin da muke rubutu a ciki, da korono na auna gudu. Munka ga wani ɗan baya a Keita mai tsawon ƙofa. Munka ga wani a Madawa da ke gudu kamar an koro shi. A Sabon Gida munka tsaya cikin rana muna kallon wasan da babu ko raga, sandunan gawo anka kafa. Yana auna gudunsu, yana sa su tsalle, ina rubutawa. Amma na lura abin da ke cikin kaye ba shi ya fi damunsa ba. Ba ya zama a tsakiya inda manya ke zama. Kusurwar fili yake zuwa ya tsuguna, kuma ba ya bin ƙwallo da ido. Yana kallon yaro lokacin da ƙwallo ke nesa da shi. Yana kallon abin da yake yi in an ƙwace masa, zai bi ya ƙwato ko zai tsaya yana ɗaga hannu. Yana kallon fuskarsa in abokinsa ne ya ci, ba shi ba.

Duk bayan wasa sai ya ce, "Mi ka gani?" In lissafa masa waɗanda sunka ci. Wata rana a nan filin, bayan mun doke Keita, na ce masa na ga Ridwan ya zura uku. Ya ce, "Ni kau na ga yaron da ya waiga sau uku kafin ƙwallo ya iso mashi. Kafin ya taɓa, ya riga ya san inda za ya aika."

Wannan yaro shi ne Ɗangana, ɗan Tanko na Tama, ajinsu ɗaya da Ridwan, ƙungiyarsu ɗaya. Shekararsa goma sha takwas a lokacin, gajere, siriri, yana buga tsakiya. Ko ƙwallo ɗaya bai ci ba a shekarar. Da munka auna gudu, cikin mutum shida shi ya zo na biyar. Na yi dariya, na ɗauka Mushe wasa yake.

Asabar ta gaba ya ce mu tafi Tama. Lokacin cirar albasa ne. Munka iske Ɗangana a garkar mahaifinsa cikin fadama, tun safe yana jidar albasa zuwa rudu, rumbun karan da ake ajiye ta. Mushe bai kira shi ba. Munka zauna a gindin itacen bedi kusan awa guda yana kallon yadda yake aiki, yadda yake magana da ƙannensa, yadda yake ɗaga buhu. Sannan munka je wurin tsohon.

Baba Tanko, Allah Ya ƙara masa lafiya, ga shi can zaune, an kawo shi a mota duk da ciwon ƙafa. Gidansu tsohon gida ne a Tama. Kakansa ne ke yin yanka a gindin dutse in damina ta yi jinkiri, shi kuma yau shekaru da yawa sahun farko yake sallah. Mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya saurari Mushe har ya gama, sannan ya ce:

"Mushe, ni ban san ƙwallo ba, albasa na sani. In ka cire ta ba ta ƙosa ba, ruɓewa take cikin rudu. Yaron ga ya ƙosa?"

Mushe ya ce, "Bai ƙosa ba, Baba. Ƙafatai ta hagu ba ta da amfani. In an kai minti saba'in numfashinai ƙarewa yake. Amma waɗannan ana gyara su. Abin da ke cikin kainai kuwa, ni ban san yadda ake koyar da shi ba. Shekara ashirin da wani abu ina nema, sau biyu na taɓa gani."

Tsoho ya ce, "Shekara goma sha uku ina rasa hannunai a garka saboda lakkwal. Ba za ya tahi ko'ina ba sai ya kawo mani takardar da anka ce ana samu a ƙarshe."

Mushe ya ce, "Wannan ni ma sharaɗina ne. Zan rubuta masu haka."

Anka kira Ɗangana, ya zo ya durƙusa, ƙasa har gwiwa. Mushe ya ce masa, "Kana son tahiya Yamai?"

Ya ce, "Mushe, ai na Ridwan ne."

"Ban tambaye ka na wa ne ba. Kana so?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina so, Mushe."

A hanyar dawowa taya ta yi faci. Muna tura moto cikin rana, sai na faɗa masa abin da ke raina, kuma yau zan faɗa a gabanku don kada a ɗauka ni ma ina da irin idonsa ko irin zuciyarsa. Na ce, "Jika, ɗanka ne fa. Ba cuta za ka yi ba, yaron nan ya fi kowa cin ƙwallo. In ka aika sunansa duk duniya ba wanda zai zarge ka."

Ya tsaya ya share zufa. Ya ce, "Shi ya sa nike tsoro, Sule. Ba wanda za ya zarge ni." Munka ƙara tafiya kaɗan, ya ce, "Can Yamai masu gudu irin nashi sun kai ashirin. Ridwan ba ya ɗaga kai, jira yake a kawo mashi. In na aika shi, wata shida za su maido shi, ya dawo ba takarda, ba ƙwallo, ga kunya. Kuma in hana wani abin da ke nashi."

Ya rubuta rahoton a teburin ɗakin malamai, ni na gyara masa kuskuren rubutu. Shafi biyu a kan Ɗangana, bai ɓoye rauni ko ɗaya ba, har da cewa in ya yi fushi shiru yake yi ya daina neman ƙwallo. Ya sa sharaɗin cewa ba za a ɗauke shi ba sai bayan jarrabawar bak, ta kammala lise. Sannan ya ƙara shafi guda da ba a tambaye shi ba, a kan Ridwan. Ya yabi gudunsa da ƙarfin bugunsa, ya faɗi abin da ya rasa. A ƙasan shafin ya rubuta: "Wannan ɗana ne. Kada ku dogara da idona a kansa, ko wajen yabo ko wajen kushe. Ku aiko naku ya gani."

Sunka aiko. Mutuminsu ya zo ranar wasan ƙarshe a Madawa. Munka doke su biyu da ɗaya, kuma duk biyun Ridwan ne ya ci. Yara sunka ɗauke shi a kafaɗa har bakin hanya. Baƙon Yamai ya juyo yana dariya ya ce, "Mushe, me ya sa kake wahalar da kanka? Ga yaro nan kowa ya gani."

Mushe ya ce, "Ka ba ni wuni ɗaya. Gobe da la'asar ka zo Buza."

Washegari, a wannan filin da kuke zaune, ya raba 'yan wasanmu gida biyu. Kashin farko ya haɗa Ridwan da Ɗangana gefe ɗaya. Ridwan ya ci biyu. Da anka yi hutu, sai Mushe ya cire wa Ɗangana riga ya ba shi ta ɗaya gefen. Shi ke nan abin da ya sauya. A kashi na biyu na ƙirga, sau huɗu Ridwan ya taɓa ƙwallo, yana tsaye can gaba yana ɗaga hannu ba mai kawo masa. A ɗaya gefen kuwa, wani yaro da tun da anka fara gasa bai taɓa ci ba, ya ci biyu, shi kansa yana mamaki. Da anka busa tashi, baƙon ya dubi Mushe ya ce, "Gajeren nan, yaya sunansa?"

Jama'a, da nan labarin ya tsaya da na ji daɗi. Amma ba haka Mushe zai so in faɗe shi ba.

Mutumin nan da ya iya duban baƙo daga Yamai ya ce masa ka yi kuskure, ya kasa duban ɗansa ya gaya masa. Ya ce mani zai faɗa masa da yamma, bai faɗa ba. Ya ce gobe. Goben ta zo anka kira shi taro Keita. Ranar kasuwa Ridwan ya je tasha kai saƙo, wani ɗan kabu-kabu ya ce masa, "Sannu da haƙuri, ashe tsohonka ɗan Tama ya aika." A nan ya ji.

Bai yi hayaniya ba. Ya dawo gida ya rataye takalman ƙwallonsa. Kullum da safe yana durƙusawa ya gaida mahaifinsa, Mushe ya amsa, shi ke nan. Ba hira, ba tambaya, ba dariya. Gari kuwa ya rabu biyu. Wasu na cewa ga adali, wasu na cewa wane irin uba ne wannan da ba ya ƙaunar jininsa. Na san akwai masu faɗin ta biyun a cikin wannan taro, kuma ban zarge ku ba, ni ma na faɗe ta a raina.

Hajiya Dije, nan ne wurinki. Mutane sun san abin da mijinki ya yi, ba su san abin da kika yi ba. Saura wata guda a yi jarrabawa, ke kika ce masa, "Tun da ka zaɓi Ɗangana, sai ka kawo shi nan ya ci abinci ya yi karatu. Inda yake saukar nan hayaniya ta yi yawa. In ya faɗi jarrabawa, ka rasa biyu ke nan." Kika shimfiɗa wa yaron da ya karɓi wurin ɗanki tabarma a ɗakin ɗanki. Kika zuba masu tuwo a kwano ɗaya. Ban san uwa nawa za su iya haka ba.

Kwana uku na farko, in ji Balkisu, ba wanda ya ce wa wani kanzil. Rana ta huɗu Ridwan ya leƙa kayen Ɗangana ya ga yadda yake fama da lissafi, ya fizge biro ya ce, "Kai, ba haka ake yi ba. In ka faɗi, a banza anka yi mani wannan abu." Daga ranar shi ya zama malaminsa. Ni ne malamin lissafinsu, kuma na yarda abin da na kasa cusa wa Ɗangana a shekara uku, Ridwan ya cusa masa a mako huɗu. Ridwan ya ci bak tun zagayen farko. Ɗangana sai a zagaye na biyu, da ƙyar, amma ya ci. Ya kai wa Baba Tanko takarda, tsoho ya juya ta, ya sa anka karanta masa, sannan ya ce, "To, tahi."

Ya tafi. Shekarar farko a benci ya yi ta. Ya bugo waya ya ce zai dawo. Mushe ya ce masa, "Akwai bango inda kake? To kullum ka buga mashi ƙwallo sau ɗari biyu da ƙafar hagu, in ka yi wata uku ka sake kirana." Bai dawo ba. Shekara tara ya buga gasar ƙasa, uku daga ciki shi ne kyaftin. Ya je gwaji wata ƙasa ta Larabawa, bayan wata biyu sunka sallamo shi. Daga baya gwiwa ta tsayar da shi. Bai zama tauraron duniya ba, kuma Mushe bai taɓa cewa zai zama ba. Abin da ya rubuta shi ne zai iya cin abinci da ƙwallo cikin mutunci, kuma ya ci. Yau yana Tama, garkarsa na da injin ban ruwa, yana horar da yara sittin ba ya karɓar komai. Ranar jana'iza kun gan shi, shi ne wanda ya ƙi sakin makara tun daga ƙofar gida har bakin kabari.

Ridwan kuwa ya yi karatun kiwo. Yau shi ne jami'in lafiyar dabbobi a Deule, garin kakanninsa. Ku tambayi makiyayan can, akwai waɗanda ba su yarda kowa ya taɓa masu saniya sai shi. Sannu a hankali magana ta dawo tsakaninsa da mahaifinsa, aure ya zo, jika ta zo, anka sa mata Sakina. Amma zancen Yamai ba wanda ya sake tayarwa a gidan.

Kada ku ce ina cewa idonsa bai taɓa kuskure ba. Akwai Abdurrazak na Keita, mai tsaron raga, wanda Mushe ya ce gajarta za ta hana shi, ya nemi wata sana'a. Yaron bai ji ba, ya je Maraɗi da kansa, ya tsare raga shekara shida. Da Mushe ya tabbatar, ya ɗauke ni a moto munka hau duwatsun nan har Keita. Ya tsaya gaban mahaifin yaron da mutanen zaure ya ce, "Na yi kuskure a kan ɗanka, na zo in faɗa da bakina." Daga nan duk rahoton da ya rubuta sai ya ƙara layi guda: abin da na gani ke nan, mai yiwuwa akwai abin da ban gani ba.

Kwana goma kafin rasuwarsa na je duba shi bayan la'asar. Ciwo ya ci jikinsa, amma hankalinsa garau. Yana kwance a tsakar gida, ina zaune kusa da kansa. Munka yi hirar moto, munka yi dariya. Can sai ya ce, "Sule, akwai abin da har yau nike juyawa. Ɗangana na tabbata. Amma Ridwan, ban sani ba ko gaskiya na gani, ko tsoron a ce na fifita ɗana ya sa na tsananta mashi."

Ba mu lura ba, ashe Ridwan ya iso daga Deule, yana tsaye bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Ya ƙaraso ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na ji. Ranar nan da ka sauya ma Ɗangana riga, ni ma ina cikin filin. Na gani kafin baƙon ya gani. Ban taɓa cewa ka yi kuskure ba."

Mushe ya ce, "To mi ya sa ka yi damina guda ba ka yi mani magana?"

Ya ce, "Don a tasha na ji, Baba. Daga bakin ɗan kabu-kabu. Da kai ka kira ni ka faɗa mani, da kuka zan yi kwana biyu ya wuce."

Mushe ya rufe ido. Da ya buɗe, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya ce, "Wannan gaskiya ce. Tsoro na ji. Ka gafarta mani."

Ridwan ya kama hannunsa ya ce, "Na yafe tun da daɗewa, Baba. Kai ma ka yafe mani shirun da na yi."

Sai Hajiya ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Shekara goma sha biyu ina jiran wannan magana, sai yau da na ɗora tukunya za ku yi ta?" Munka yi dariya mu duka, har Mushe tari ya sarƙe shi. A ranar ya sha kunu kofi guda, wanda ya kwana biyu bai iya ba. Na fito daga gidan zuciyata fes. Ban sake ganinsa da rai ba, kuma ban yi baƙin cikin cewa wannan ce ganawarmu ta ƙarshe ba.

Saboda haka ba kuka munka zo yi ba. Mutumin ya yi shekara sittin da takwas, ya yi aikin da yake so, ya ga jikoki, ya nemi gafarar wanda ya kamata ya nema tun yana iya magana. Ya kasance malaminmu, ya kasance maƙwabcinmu, ya kasance wanda in ya ce yaro zai iya muna yarda, in ya ce bai kai ba muna jin haushi amma muna yarda.

Hajiya Dije, gidanki ya ciyar da 'ya'yan mutane da ba su ƙirguwa. Kada ki ji nauyin aiko mana in wani abu ya taso, haƙƙinki ne a kanmu. Balkisu da Rufaida, ku riƙa leƙa mahaifiyarku, ba sai da dalili ba. Ridwan, ɗana, kai ne babba yanzu. Ka riga ka nuna mana irin mutumin da kake tun kana shekara goma sha tara, ba mu da fargaba a kanka. Ɗangana, kai ma ɗan gidan nan ne, kada ƙafarka ta ɗauke daga zauren.

A madadin iyali da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, muna godiya ga hukumomi da sarakuna da malamai. Muna godiya ga waɗanda sunka taso daga Madawa da Keita da Tawa da Yamai, da matan unguwa da sunka yi girki, da ɗaliban da sunka share fili sunka jera kujeru. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ya Allah, ga bawanKa Jika ɗan Maiguwa ya zo gare Ka. Mun shaide shi da faɗin gaskiya ko da a kan na jikinsa, mun shaide shi da amsa laifi in ya yi. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka albarkaci zuriyarsa da ɗalibansa. Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ba mu bar wata magana da ya kamata mu faɗa wa namu ba.

Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. A yi masa Fatiha.